Neman Hannun da Zai Taɓa Auduga

Ana idar da sallar asuba muka bar unguwar Utaibiyya a Makka, mu uku da kare. Eh, kare na ce. Masu aiko mini da saƙo kuna tambaya ko gaske ne, to gaske ne. Ni ne, da maiɗakina, da ƙaninta mai wanet, wato motar nan ta ɗaukar kaya, sai karen, Auduga, cikin kwando a tsakanin ƙafafuna. Ɗa'ifa muka nufa, garin nan mai sanyi da ke kan dutse.

Ga waɗanda ba su sani ba, gyaran na'urar sanyaya ɗaki nake yi a Makka shekara da shekaru. A wani gida da na je aiki na tarar da shi, ɗan kwikwiyo fari sol, gashi buzu-buzu, an kulle shi a ɗaki shi kaɗai. Ɗan gidan ne ya sayo, uban ya ce ko a fitar da shi ko ya kai shi bayan gari ya ajiye. Irinsu Samoyed ake ce musu, karnukan ƙasar ƙanƙara ne, a ranar Makka ko wuni ɗaya ba zai kai ba. Na ce a ba ni. Na kai shi shagona, inda ko ba komai sanyi ba ya yankewa.

Likitan dabbobi a Jidda ya yi masa allurai, sannan ya gaya mini abin da ya hana ni barci. Ya ce kwikwiyon da bai saba da mutane ba kafin ya wuce wata huɗu, tsoro ne zai zauna masa, kuma kare matsoraci cizo yake. Auduga yana cikin wata na uku. Wanda nake haya a shagonsa kuma ya ba ni zuwa ƙarshen wata in san inda zan yi da shi. Kare mai cizo ba wanda zai karɓa, ƙarshensa dai bayan garin nan.

To yaya ake sabar da kare da mutane a garin da kowa ke tattare rigarsa in ya hango shi? 'Yan'uwana na unguwar Tandabawi har suna suka sa mini, wai Sarkin Karnuka. Wani ma ya daina sa hannu a tiren abincina. Ni ma na san abin da aka ce game da kare. Ba na shigar da shi ɗakin kwana, rigar sallata daban take, kwanonsa daban. Amma har yau ba wanda ya nuna mini inda aka ce a jefar da mai rai a rana ya mutu. Shi ya sa na ce tunda hannun da zai taɓa shi ya yi wuya a Makka, bari mu hau dutse mu nemo.

A bakin gari muka tsaya karyawa, ful da tamis da shayi mai madara. Burodin da zafinsa, waken ya ji mai. Mai abincin ya leƙo ya ga kwando yana motsi, ya ce mu ci a mota. Muka ci a mota. Maiɗakina tana kujerar baya, ta manne da ƙofa, ta ce, "Malam, ni fa rumman na zo saye, kada ka sa ni cikin shirinka." Na ce na ji.

Mun wuce gefen Arfa gari na wayewa, fili fetal ba kowa, sannan hanya ta fara hawa. Wanda bai taɓa bin hanyar Hada ba, ya ɗaure cikinsa. Kwana bayan kwana, dutse ta nan, rami ta can, wanet ɗin ƙanin maiɗakina yana nishi kamar tsoho a matakala. Sai da muka kashe sanyin motar don ta samu ƙarfin hawa, ni mai gyaran sanyi ina zaune ina gumi. Birai ne jere a kan katangar titi suna jiran a jefa musu abinci, ba kunya ba tsoro. Auduga ya hango su ta gilas, jikinsa ya ɗauki rawa, ya cusa kai a hammatata. Likita ya ce kada a tilasta masa, kuma kada a yi ta rarrashi, a bar shi ya kalla daga nesa, in ya natsu a ba shi abin daɗi. Na sa ƙanin maiɗakina ya tsaya can gefe. Da ya ɗago kai ya kalle su bai yi kuka ba, na ba shi tsokar dafaffiyar kaza. Wani biri ya ga haka ya matso, shi ma yana son a sabar da shi.

Muna kaiwa sama iska ta canja. Na buɗe gilas, sanyi ya shigo, karen nan ya miƙe tsaye ya buɗe baki. Ban taɓa ganin haka fuskarsa take ba, ashe irinsu kamar murmushi suke yi. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa.

Masu 'ya'yan itace sun jera a bakin hanya, rumman, inabi, ɓaure, da barshumi mai ƙaya da suke fere maka nan take. Farashin ya fi na kasuwar Zahir ta Makka, amma maiɗakina ta tsaya ciniki har mai kayan ya ɗaga hannu ya sallama. Ni kuma na saukar da Auduga da igiya a wuya. Yara suka yo kansa, iyaye suka janye su. Wani saurayi ya zo da gudu zai rungume shi, na tare shi, na ce ya durƙusa, ya juya gefe, ya bari karen ya zo da kansa. Auduga ya shinshina takalminsa ya koma bayana. Ci gaba ne, amma bai kai abin da na zo nema ba.

Mai rumman ne ya kwatanta mana wata gona a Shafa, gaba da Ɗa'ifa, inda ake noman fure ana kiwon tumaki. Muka tarar da mai gonar, dattijo siriri, da matarsa, ita ma tsohuwa, cikin baƙin lulluɓi, ido kawai ake gani. Nan na san akwai aiki, don ba abin da Auduga ke tsoro kamar fuskar da ba ya gani. Ya fara ja da baya yana gurnani. Tsohuwar ko kallonsa ba ta yi ba. Ta zauna a ƙasa, ta ci gaba da tsince furenta, ta ajiye hannu ɗaya a buɗe a gefe. Ya zagaya ta, ya dawo, ya sake zagayawa, can sai ya sa hanci a tafin hannunta. Ta sosa masa ƙasan haɓa kamar ba komai ba.

Daga nan sai wasa. Karyarsu ta kiwo ta shinshina shi ta ƙyale shi, ma'aikatan gonar suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, mai rawani, mai sanda, mai gemu. Aka kawo mana salik, shinkafa da aka dafa da madara da kaza a sama, muka ci har muka kasa tashi. Dattijon ya ce, "Ka bar mini shi. Nan akwai sanyi, akwai mutane." Na ce a'a. Ni so nake in koma da shi, waɗanda suka yi mini dariya su ga kare mai ladabi.

Bayan la'asar muka gangaro. Zafi ya tare mu tun kafin mu gama sauka. Muna tsayawa a ƙofar shago, maƙwabcina, wani dattijo ɗan Sakkwato da nake ganin girmansa, ya zo wucewa zai tafi masallaci. Auduga, wanda da safe yake ɓuya in ya ji takun mutum, ya ja igiya ya nufe shi yana kaɗa wutsiya. Dattijon ya tattare riga ya yi tsalle gefe yana a'uziyya. Ban ga laifinsa ba, da alwalarsa yake. Amma karen ya tsaya cak, wutsiyar ta sauka, ya juyo ya kalle ni.

Na durƙusa a kan titi, gaban kowa, na shafa kansa har ya daina haki. Abin da tafiyar ta koya mini ke nan: saba wa kare da mutane ba wuya, wuni ɗaya ya fara kamawa, amma zalunci ne ka koya masa son mutane sannan ka ajiye shi inda kowa zai guje shi don kawai ka ci gardama.

Bayan magariba na kira mai gonar na ce ranar Juma'a ina tafe da shi. Masu cewa na gaji ne na sallama, ku faɗi abin da kuke so. Auduga dai ba zai je bayan gari ba, kuma in na sake samun wani a kulle gobe, ɗaukarsa zan yi.