Sandar da Na Jingine a Bakin Ƙofa

Ƙarar na fara ji, kafin zafin. Wani sauti ne siriri, kamar an yayyafa ruwa cikin kasko mai zafi, yana fitowa daga ƙarƙashin tabarmin da muke jibgewa a sito. Na riga na ɗaga biyu, hannuna na dama yana ƙarƙashin ta uku. Zuciyata ta ce in janye, amma kafin hannun ya motsa sai na ji kamar an soka mini allura biyu a gindin babban yatsa. Na ga abin ya sulale bayan buhun taki, gajere, ruwan ƙasa mai ɗigon fari. Kububuwa ce. Duk wanda ya tashi a garinmu Gulma ya san ta, kuma ya san wani da ta kai kushewa.

Wata huɗu ke nan. Har yau in ana suya a gidanmu, ruwa ya ɗiga cikin mai, sai in tsinci kaina a ƙofar zaure ban san lokacin da na fito ba. Ban koma aiki ba tukuna. Amma in na rufe ido ba macijiyar nake yawan gani ba, lambun nake gani da sassafe, raɓa ba ta bushe ba.

Lambun shaƙatawa ne na gwamnati a bakin gulbi, a Argungu, ɗaya daga cikin waɗanda hukumarmu ke kula da su. Na samu aikin bayan na gama sakandare. Shugaban hukumar wani dattijo ne da ofishinsa ke Birnin Kebbi, kowa Baba yake ce masa. Ranar da na fara aiki na je da takarduna cikin leda, ina tsammanin za a nuna mini tebur da kujera. Sai ya miƙo mini doguwar sanda ta gora da takalmin roba mai kai wa gwiwa.

Ya ce, "Ga alƙalaminki, ɗiyata. Duk inda za ki sa hannu ko ƙahwa cikin lambun ga, ki hwara aika wagga ta gano maki."

Haka yake yi wa kowane sabon ma'aikaci, har masu digiri. Dokarsa ita ce ba a buɗe ƙofar kowane lambu sai an yi zagayen safe. Mukan jera kafaɗa da kafaɗa tun daga ƙofa har bakin ruwa, muna bugun ciyawa, muna leƙa ƙarƙashin benci da lilo, muna zungurar duk wani abu da ya kwana a ƙasa. Shi kuma ba ya faɗin lambun da zai je. Sai dai ku ga motarsa ta tsaya, ya fito ya tattare rigarsa, ya shiga layi kamar kowa.

Akwai wata mai shara da muke kira Mama, Kirista ce daga kudancin Kaduna, ta girme ni nesa ba kusa ba. Ita kaɗai ke iya tsokanarsa.

"Baba, shugaban hukuma guda da sanda kamar mai kiwon awaki? In gwamna ya wuce fa?"

"Awo, kiwo nikai. Ke ce babbar akuyar, ba ki jin kora."

Mu yi ta dariya har ciyawar ta ƙare. Daga nan mu zauna ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, Mama ta buɗe kwanon ƙosai, masunta na wucewa cikin kwale-kwale suna ɗaga mana hannu. A nan Baba yake jin abin da ba a kai masa ofis: wane lilo ne sarƙarsa ta ci, wane famfo ne ya daina zuba, matar wa ta haihu. Ba ya rubutawa, amma kafin mako ya zagayo sai ka ga mai walda ya zo. Ban san ina jin daɗin waɗannan safiyoyin ba sai yanzu da nake kwana in tashi tsakanin bango huɗu.

Ranar da abin ya faru hutun Maulidi ne. Gulbi ya cika ya shanye fadama, duk wani abu mai ja da ciki ya hauro tudu. Baba ya zo da kansa saboda ya san za a yi jama'a. Mun gama zagaye, saura sito, kuma sito rabona ne. Mutane sun taru a ƙofa cikin sababbin kaya. Cikinsu na hango 'yan ajinmu uku, sun sha lalle da gyale, biyu suna jami'a yanzu.

Ɗaya ta ƙwala mini kira. "Ke! Duk karatun nan ashe makiyayiya kika koma?"

Na yi dariya, amma kunya ta kama ni har kunnuwa. Na jingine sandar a bakin ƙofa kamar ba tawa ba, na ce su jira in ɗauko musu tabarmi masu kyau kafin a wawashe. Abin da ya kai ni sito hannu sake ke nan.

Ihuna ya tara ma'aikata. Maigadi ne ya fara isowa, ya yage bakin rawaninsa zai ɗaure mini dantse, yana laluben reza a aljihu.

"A tsaga a matse dahin! Haka munka gada!"

"Aje rezar ga!" Ban taɓa jin Baba ya ɗaga murya ba sai ran nan. "Ba tsagawa, ba ɗaurewa. Sau nawa za ni hwaɗa maku? Ɗiyata, zamna. Kar ki motsa hannun."

Mama ta zare mini zobe da awarwaro tun kafin hannun ya kumbura. Baba ya karya sandarsa a gwiwa, ya ɗora guntun a ƙarƙashin hannuna, Mama ta naɗe da ɗankwalinta sako-sako don kada ya lanƙwashe. Ya juya ya ce wa mai kula da lambun kada a buɗe ƙofa yau sai an fitar da komai daga sito an ga bayan macijiyar. Mutumin ya ce jama'a za su yi surutu, ranar hutu ce.

Baba ya ce, "Su yi. Ka ce ni na hana."

Ba asibiti mafi kusa muka nufa ba. Ashe kowace damina Baba yakan buga waya ya ji inda ake da maganin dafi a ajiye, ya rubuta ya manna a bayan ƙofar kowane ofishi. Ni na sha ganin takardar ban taɓa karantawa ba. A wannan shekarar wani asibiti ne a Birnin Kebbi. Shi ya ja motar da kansa, ni da Mama a baya, kaina a cinyarta. Ta taga ina ganin gonakin shinkafa sun nutse, sai kan ganye. Hannun yana zogi kamar an sa shi a wuta. Na ji gishiri a bakina, na tofa a gefen mayafi, na ga ja.

Na ce, "Baba, mutuwa zan yi?"

"Allah ɗai ya san ranar kowa. Amma magani na gabanmu, kuma da wuri muka taso."

"Laifina ne. Na ajiye sandar."

Muka wuce wata motar albasa. Sannan ya ce, "Ina tsaye kika jingine ta. Na yi shiru don kar in ba ki kunya gaban ƙawayenki. Ni da ke muka yi shi."

A asibiti wata nas mai ƙiba, mai saurin magana, ta ɗebi jinina ta zuba a wata 'yar kwalba, ta ajiye a kan tebur ta duba agogo. Ta ce dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi. Za a jira minti ashirin, in an karkata kwalbar jinin ya tsaya, to da sauƙi. Da lokacin ya cika ta karkata, ya gangaro kamar zoɓo. Ta fita da sauri ta dawo da maganin, aka haɗa mini shi cikin ƙarin ruwa. Ta ce sai bayan awa shida za a sake gwadawa.

Awa shida. Innata ta iso daga Gulma da takalmi wari daban-daban, ta zauna a dama tana jan carbi. Mama na hagu, ta haɗa tafin hannu tana tata addu'ar. Ba wadda ta ce wa wata ta matsa. Hannun ya kumbura har gwiwar hannu, lallen da na sa ya miƙe ya zama wani zane da ban gane ba. Duk lokacin da na haɗiye yawu sai in saurari ɗanɗanonsa. Ta taga ina jin muryar Baba a kan benci yana ta waya, lambu bayan lambu, yana cewa daga yau kada tabarma ta sake kwana a ƙasa, a kafa ƙusoshi a rataye su. Aka kira shi wani taro ya ce a ba da haƙuri. Azahar ma a barandar ya yi ta.

Bayan la'asar nas ɗin ta dawo da sabuwar kwalba. Ta ɗebi jinin ta ajiye, ta ce kada kowa ya taɓa teburin. Inna ta daina jan carbin, ta riƙe shi kawai. Baba ya shigo ya tsaya a bakin ƙofa da hularsa a hannu. Ni na kafa wa kwalbar ido har na fara ganinta biyu-biyu.

Nas ta duba agogo, ta ɗauki kwalbar ta karkata. Jinin bai motsa ba. Ta kifa ta gaba ɗaya, ya tsaya cak a gindi.

Ta ce, "To, 'yammata, kin haye. Za ki kwana biyu a nan mu ga hannun, amma dafin ya sake ki. Ku ba ta abinci, tun safe take kallona kamar ni na sare ta."