Buhun Gyaɗa a Kujerar Anasara

A ƙarshen mulkin Faransa ina kanikanci a garajin wani kamfanin sayen gyaɗa a Maraɗi. Garajin yana da doguwar katanga da ƙofa ɗaya, mabuɗi a hannun mai gadi. Ni ɗan Tsibiri ne. Kowace shekara in ruwan shuka ya sauka, shef, wato dattijon da ke shugabancin garajin, yakan sake ni in je in shuka gonar mahaifina, don ya tsufa, kuma ni kaɗai ne namiji a gidan.

A wannan shekarar Anasaran da ke riƙe da kamfanin ya ce motarsa ta yi tsayi kamar raƙumi. Ya sa aka cire lam ɗin gaba, wato lanƙwasassun ƙarafan da ke ɗauke da nauyin mota, aka sa waɗanda wani maƙeri ya ƙera a Jiratawa. Mota ta sauka yadda yake so, amma ƙafafun gaba suka karkace. Samansu ya shige ciki, ƙasansu ya buɗe, taya tana cinyewa ta gefe ɗaya. Taya kuwa sai an jira ta daga bakin teku.

Ranar da ruwa ya sauka, da hantsi, Anasara ya shigo ya nuna ni da sandarsa. Shef ya fassara mini: ba zan fita ƙofar nan ba sai ƙafafun sun miƙe.

Na ce, "Baba, ruwan shuka fa."

"Na ji shi a kan rufina ni ma."

"To ka gaya mishi, kai ke jin bakinsa."

"Ina jin nasa, shi ba ya jin nawa. Ɗauko kirik, ɗan Tsibiri."

Aikin yana da tsari, ban taɓa tsallake shi ba. Da farko a tura mota kan daɓen siminti, don rairayi yana ruɗin ido. Sannan a daidaita iskar tayoyi. Sannan a rataya zare mai darma, irin na magina, a gefen ƙafar, a auna tazarar sama da ta ƙasa. In sun saɓa, a ɗaga mota da kirik, a kwance noti, a cusa siririn ƙarfe, a ɗaure, a sauke, a sake aunawa.

Na bi tsarin, zare ya nuna daidai. Anasara ya shiga, ya zaga gari, ya tsaya a bakin garaji, daga cikin motar ya tambayi shef. Shef ya duba, ga ƙafar hagu a karkace. Shef kuwa ba ya ƙarya, ko ta taimako. Da Anasara ya fita na mai da zare, sai ga ta a miƙe. Na sake aikin tun daga farko, aka sake maimaita haka. Na kwana a ƙarƙashin wata babbar mota ina jin ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ta bayan katanga.

Washegari wata mai fura 'yar garinmu ta leƙo ta kafar ƙofa ta ce, "Tsohonka ya ce in faɗa maka ƙasa ta fara shan iska."

Bayan tafiyarta na tsuguna ina kallon motar, sai na lura da abin da muka bari. Ƙarfen Jiratawa yana da laushi, Anasara kuwa ƙato ne. In ya zauna, sai gefen hagu ya sauka. Mu kuma kullum babu kowa a ciki muke aunawa, don baƙar fata ba ya zama a kujerar nan. Ko tura ta za mu yi, ta taga muke riƙe sitiyari. Wanda ya taɓa zama, a ranar aka kore shi.

Na gaya wa shef. Ya ce, "Ni da furfurata ba zan zauna ba. Kai ma in kana son aikinka, kada ka zauna." Sannan ya nuna sito da haɓa. "Ɗauko mishi ɗan'uwansa. Buhu ba baƙi ba ne, ba fari ba."

Da azahar, lokacin da Anasara ke barcinsa, muka shimfiɗa farin ƙyalle, muka zaunar da buhun gyaɗa a kujerar. Na auna, na cusa ƙarfe, na ɗaure. Muka sauke buhu, muka tsince ɓawon da ya zuba.

Da la'asar Anasara ya gwada, ƙafa ta tsaya cak. Ya yi dariya har ya dafa kafaɗata. Na riga na naɗe tabarmata lokacin da shef ya zo, bai dube ni ba, ya ce Anasara ya yaba hannuna ƙwarai. Gobe zai tafi Damagaram, yana so in bi shi da kayan aiki, ko ƙafar ta sake karkacewa a hanya.

A kan hanya, daga bayan motar na ga mutanen Jiratawa suna ƙarasa shuka, mai sungumi a gaba, masu zuba iri a baya.

Da muka dawo na wuce Tsibiri. Mahaifina ya shuka abin da ƙarfinsa ya kai shi kaɗai, bai kai rabin gona ba, layukan duk a karkace. Sauran ta bushe, ruwa na biyu kuma ya yi jinkiri. Na same shi a gindin gawo.

Ya ce, "Motar ta miƙe?"

Na ce, "Ta miƙe, Baba."

"To madalla."

A shekarar, tun kafin bazara muka ga ƙasan rumbu.