Abbas, Wanda Aka Harba Daga Nesa

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan Safar, bayan azahar, ɗana Mahmud ya shigo ɗakina nan Ƙofar Kwaya da waya a hannu. Ya zauna a ƙasa, ya ce, "Inna, Abbas ya rasu a bakin aiki." Ɗansa ne, jikana na fari, soja, ɗan shekara ashirin da shida. Can suka yi maka sutura, Abbas, ko tafin ƙafarka ban gani ba. Yau kwana bakwai. Bokona na yaƙi da jahilci ne, amma na ce da hannuna zan rubuta wannan.

Tun da aka yaye ka aka kawo mini kai. Maigida nake ce maka, kai kuma ka ce mini amarya mai haƙori huɗu. Kai ke yanke mini farce. Kai ke ɗiga mini maganin ido, kana cewa in daina fari da ido, samarin duk sun mutu. Ranar da ƙafata ta kumbura, goya ni ka yi har bakin titi, kana gaya wa maƙwabta wai gidan ubana za ka maida ni, na cika ci.

Kai ka koya mini kallon finafinan yaƙi, irin na maharban nan da ke ɓuya su harbi mutum daga nesa. In ka taso daga rumfar yadi a Babbar Kasuwa bayan la'asar, sai ka jingina waya da kwanon gorona, mu baje kan tabarma. Ranar farko na ce, wanga wane irin yaƙi ne, ƙato ya yi rub da ciki cikin kango tun hantsi kamar ƙadangare? Ka ce, "Amarya, jiran shi ne fim ɗin. Harbin ai ƙiftawar ido ne."

Gaskiyarka. Sai su ɗauke kiɗa, ba ka jin komai sai numfashin mutumin. Ƙuda ya sauka a hancinsa, bai kora ba. Ni ma goron da ke bakina sai in daina taunawa. Ka nuna mini yadda yake duban ciyawa ya gane inda iska ta nufa, da yadda maharba biyu ke farautar juna, wanda madubin bindigarsa ya fara ƙyalli a rana shi ne gawa. Amma babbar dabararsu, wadda sai yanzu na gano, ita ce su saka idon mai kallo cikin madubin nan. Mai kallo ya zama shi ne mai bindigar. Wancan da ke can nesa ɗan mitsitsi ne, ba suna, ba gida. In ya faɗi, ni tsohuwa da carbi a hannu sai in ce, "Yauwa!" Ba sau ɗaya na faɗa ba.

Daga nan na laƙaba maka jarumin tabarma. Har masu koyi da tsokanata a unguwa suka ɗauka.

To, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Shekara uku da suka wuce, mahaifiyarka Jummai ta zo ta durƙusa a bakin ƙofata. Kai ɗan farinta ne, ba ta kama sunanka, ba ta zama hira da kai. Ta ce, "Inna, yaron nan ya karɓo takardar shiga soja. Ni ba ni da bakin yi mishi magana. Ke yake ji. Don Allah ki hana shi." Na ce ta bar mini komai.

Da ka shigo, na buɗe baki in hana ka, sai halina ya riga ni. Na ce, "Maigida, soja aka ce za ka? Kai da ɓera ya kora daga ɗaki? Su fa ba a kan tabarma suke yaƙinsu ba." Nufina in kushe abin har ka fasa, don tsakanin kaka da jika ban san wata hanyar magana ba sai wasa. Ka yi dariya, amma ba irin wadda na sani ba. Ka ce, "Za ki gani, amarya." Washegari na ce wa Jummai na yi maka magana ka ƙi. Ban gaya mata irin maganar ba.

Shekaranjiya abokin aikinka Babaji ya zo gaisuwa. Na matsa masa sai da ya faɗa mini. Ya ce da hantsi ne, gari shiru. Kuna bayan buhunan ƙasa, ka miƙe don ka miƙa wa wani mai zazzaɓi gorar ruwanka. Harbi ɗaya, daga cikin duwatsu. Ba wanda ya ga mai harbin. Ya ce ba ka sha wuya ba, kuma shahada ce a bakinka.

Tun lokacin nake tunanin mutumin da ya harbe ka. Wataƙila tun asuba yake kwance yana jira. Ya gan ka ɗan mitsitsi. Duk finafinan da muka kalla, ba wanda ya bi wanda ya faɗi zuwa gidansu, ya nuna tabarmin zaman makoki da uwar da kunya ta hana ta kuka gaban mutane.

Malamai sun ce wa'adi ne, ko kana rumfar yadi zai same ka. Na yi imani da haka. Amma wa'adi daban, amanar da aka ba ni daban.

Allah ya jiƙanka, Abbas. Ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka a ƙasar da ban sani ba, ya karɓi shahadarka, ya shayar da kai kamar yadda ka tashi shayar da wani. Ni na yafe maka duniya da lahira, ko da yake ba ka yi mini komai ba. Mahmud, Allah ya ba ka haƙuri, kai da ƙannen Abbas da duk abokan aikinsa.

Jummai, kwana bakwai kina kawo mini koko da hannunki, kina cewa, "Inna, ya haƙuri?" don kin ɗauka na yi iya ƙoƙarina. Ban yi ba. Kin roƙe ni in riƙe shi, na tura shi. Yanzu kin sani, kuma kowa ya sani. Ba zan ce ki yafe mini yau ba. Ki zo ki faɗa mini abin da ke ranki, a tsaye, ba durƙuso. Zan yi shiru in ji.

Hajiya Sabuwa, Ƙofar Kwaya, Katsina