Janareto da Neman Mai Ganga

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Alhamis, sha huɗu ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran aminina mai gyaran firij, wanda duk layinmu ke kira Janareto. Ya rasu a asibiti bayan doguwar jinyar ciwon ƙoda. Ina kan keken ɗinki matarsa ta kira ni a waya, ta ce, "Tela, abokinka ya tafi." Na ƙarasa hannun rigar da ke gabana, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba, sannan na rufe shago.

Janareto, yau da kai nake magana, kuma karon farko ke nan da ba za ka katse ni ba. Maƙwabta ne suka laƙaba maka wannan suna saboda ƙarar jitarka da ke tashi daga bayan shagonka kowace Asabar bayan la'asar. Da tsokana suka sa shi, kai kuwa ka karɓa hannu bibbiyu, har ka rubuta shi da jan fenti a jikin sifikarka.

Kiɗan rok na Turawa ya shiga ranka tun kana saurayi, daga wani tsohon kaset da aka manta a shagon da ka koyi sana'a. Babu wanda ya koya maka. Ka sayi jitar lantarki ta hannu, mai ɗan karkataccen wuya, ka yi ta fama da ita har yatsunka suka yi kanta. Ba ka nemi suna ba, ba ka nemi a sa ka a rediyo ba. Burinka ɗaya ne: ka haɗa mutum uku, mai jita da mai bes, wato jitar nan mai kaurin murya, da mai ganga, a buga waƙar da ka tsara daga farkonta har ƙarshe, ko da a gaban yaran layi ne.

Ni ka fara kamawa. Ka kawo wando in rage maka, sai ka tsaya kana kallon ƙafata a kan fedar keke. Ka ce, "Tela, ƙafar nan taka tana da kiɗa. Asabar ka zo." Na ce ban taɓa riƙe jita ba a rayuwata. Ka ce, "Bes ce zan ba ka, tsirkiya huɗu ce kacal. Kai da ke zura zare a allura?" Na je don in rabu da nacinka, ga shi na yi furfura a wurin.

Haka kake neman mutane. Ba ka zuwa wajen makaɗa, ka ce su sun riga sun san abin da suke so, ba za su saurari naka ba. Hannun masu aiki kake bi da ido da kunne. Gangunan ma ka saye su tun kafin ka samu mai buga su, suka zauna a kusurwa tsakanin matattun firij, lulluɓe da tsohon zanin gado. Kafinta ka fara kawowa, don ka ji yadda gudumarsa ke sauka daidai. Bawan Allah ya ɗauki ganga ƙusa ce, a zaman farko ya fasa fata. Mai faci ya ɗan daɗe, har mun fara sa rai, sai aiki ya mai da shi wani gari. Akwai akawun da ka tsaya a kansa a ofis kana gyaɗa kai yana buga hatimi. Ya zaci ba'a kake yi masa, ya kira mai gadi. Da ka ba ni labarin na yi dariya har da hawaye, kai kuwa takaicinka ɗaya, wai mutumin yana da hannu.

Na gaji, Janareto, kuma ban ɓoye maka ba. Na gaji da ɗaga zanin nan muna kakkaɓe ƙura don baƙon da ba zai dawo ba. Na gaji da fara waƙar nan mu biyu, mu kai tsakiya inda ya kamata ganga ta ɗauke mu, sai ka tsaya ka ce, "Nan ne fa." Na ce maka akwai ganga a waya yanzu, mu kunna mu bi ta mu huta. Ka dube ni kamar na zage ka. Ka ce, "Waya ba ta ɗago kai ta harare ka in ka ɓata." Ban sake kawo maganar ba.

Masu cewa ka cika surutu sun manta da wasu abubuwa, bari in tuna musu. Dattijon da ke maƙwabtaka da shagonka shi ya fi kowa kai ƙararka. Ranar da firij ɗin da yake ajiye allurar ciwon sukarinsa ya mutu, ana tsananin zafi, ba ka ce ya jira gyara ba. Na gidanka ka ɗora a baro ka tura masa, iyalinka suka sha ruwan ɗumi har ka gama da nasa. Da matarsa ta kwanta rashin lafiya kuwa, ka zare wayar sifika da kanka, muka yi ta buga jita a bushe kamar masu raɗa, har ta miƙe. Ba ka taɓa barin kiɗa ya haɗu da kiran salla ba. Dattijon nan yana sahun gaba ranar da muka sallace ka, yana kuka ba ya ko sharewa.

Ko a gadon asibiti ba ka daina ba. Na zo duba ka, jikinka ya kumbura, muryarka da ƙyar take fita, sai ka kama hannuna ka ce, "Tela, saurara." A gadon kusa da kai akwai wani direban bas da ya karye a ƙafa, yana ƙwanƙwasa ƙarfen gado da cokali don zaman ya ishe shi. Ka ce masa, "Ɗan'uwa, in an sallame mu, Asabar ka zo." Ka kwatanta masa shagon tiryan-tiryan. Ni kuwa a raina na ce, an kuma. Ko fuskarsa ban tsaya na duba da kyau ba.

Asabar ɗin da ta wuce matarka ta ba ni makullin shagonka da ke jikin gidanku, ta ce in duba kayan kiɗan in san yadda za a yi da su. Ina tsaye a ciki na rasa ta inda zan fara, sai na ji sallama. Direban ne, yana dogara sanda. Ya ce, "An ce in zo Asabar. Ina maigidan?" Bai ji labarin rasuwarka ba. Na faɗa masa. Ya zauna a kan wani firij da ke kwance, sannan ya tambaya ko zai iya taɓa gangunan sau ɗaya. Na je na tambayi matarka, don ban ga dacewar ƙara a gidan da ake makoki ba. Ta ce, "Ku buga, Tela. Shirun nan ya fi damuna."

Ka yi gaskiya, Janareto. Shi ne. Bai taɓa zama a gaban irin waɗannan ganguna ba, amma ina fara bes ya shigo kamar tare muka taso. Muka kai wurin nan na tsakiya, ya ɗauke ni, muka wuce. Da na ɓata, ya ɗago kai ya dube ni. Mun kai ƙarshen waƙarka, kuma ban ji daɗi ba ko kaɗan, baƙin ciki ne ya cika ni, don kai da ka sha wahalar nemansa ba ka ji shi a kan gangunanka ba. Ya ajiye sandunan kiɗan, ya dubi jitarka a rataye jikin ƙusa, ya ce, "To, wa zai riƙe wannan?" Ya ce zai dawo Asabar mai zuwa, ni kuma ban hana shi ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka, wadda ta yi haƙuri da mu da hayaniyarmu, da 'ya'yanka, da yayarka, da duk mutanen layinmu. Allah Ya ba su dangana, Ya tsaya musu. Ya Allah, Ka gafarta wa bawanKa, Ka yafe kurakuransa, Ka sa jinyarsa ta zama kaffara, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi. Allah Ya jiƙan ka da rahama, aminina, Ya sanya ka a Aljanna, Ya haɗa ka da abokan zama na gari waɗanda ba za ka sha wahalar nemansu ba. Amin.