Ɗigo Uku a Kan Rairayi

Shekarun baya, ina sabon malamin Hausa a wata sakandaren jeka-ka-dawo a Minjibir, ɗalibai suka laƙaba mini suna Malam Waƙafi. Ban ga laifinsu ba. Yaro zai rubuto insha'i mai daɗi, labari ya tsaru, amma idona ba ya ganin komai sai inda ya manta aya, ko inda ya cusa waƙafi ba a gayyace shi ba. Jan birona ya fi na kowa saurin ƙarewa a ofishin malamai. Ko saƙon waya matata ta turo mini, sai na gama saka masa alamomi a zuciyata sannan in san me take so a sayo.

Mahaifina manomi ne, kuma shi ne limamin masallacin unguwarmu a wani ƙauye da ke bayan Minjibir, inda gonar wannan ke jingine da ta wancan, ba ka rabe su sai da layin gamba. Da damina yana gona. In an kai amfani rumbu, sai ya koma zaure da tawadarsa da alƙalamin kara, yana rubuta Alƙur'ani da ka, ba ya duba ko'ina. Wata rana na je gida da tarin takardun ɗalibai ina dubawa a gefensa, ya leƙo ya nuna wani wuri da na ɗiga jan biro.

"Wannan fa mene ne?"

Na ce, "Aya ce, Baba."

Ya yi dariya har rawaninsa na karkacewa. "Aya? Wannan kashin ƙudan? Mu ayarmu ɗigo uku ce, biyu a ƙasa ɗaya a sama, zaune daram kamar duwatsun murhu. A kanta ake sauke magana ta huta. Taku ko tsinke aka ɗora mata ai ta faɗi."

Na yi dariya ni ma, na ci gaba da jan birona, maganar ta bi iska.

A kakar wata shekara aka tsince shi kwance a gonar gyaɗa. Aka ɗauke shi zuwa asibiti a Kano, aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Da muka dawo da shi gida, hannun dama da ƙafar dama sun daina aiki, baki ya karkace, magana ta ɗauke ɗungurungum. Mutumin da muryarsa ke tashin rabin ƙauye da asuba, sai ga shi ko ruwa ba ya iya cewa a ba shi. Likita ya ce mana shi ma ba zai iya rantsuwa kan ko yana gane abin da ake faɗa ba. Kullum da hantsi sai a tallabo shi a kwantar a zaurensa, a kan buzu, don ya sha iska, masu gaisuwa kuma su same shi. Daɓen zauren rairayi ne.

A nan abin ya fara. Sai a ga ya miƙa hannun hagu gefen buzu, ya kafa yatsa a rairayi yana dangwalawa. Ya ɗiga, ya ɗan dakata, ya matsa gaba ya ɗiga. Layi ya cika ya sauko ƙasa ya kama wani. In hannunsa ya kai iyakar inda zai iya kaiwa, sai ya shafe da tafi ya sake daga farko. Hannun hagu ne na tsohon da bai taɓa aiki da shi ba, ga rawa, don haka ɗige-ɗigen a warwatse suke, wani ya hau kan wani. Haka zai wuni.

To, duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san mutum ɗaya ne ke zama a kan rairayi yana jera ɗigo layi-layi yana shafewa: mai bugun ƙasa. Kuma a ƙauyen nan kaf babu wanda ya kai mahaifina yaƙi da masu duba. Ya sha faɗa a masallaci cewa wanda ya je wurinsu ya zubar da sallarsa. Ya taɓa fatattakar wani da ya zo ya shimfiɗa rairayinsa a bakin kasuwa. Don haka maganar ta yi wa masu ɗaukarta daɗin baki. Aka fara raɗe-raɗi a bakin rijiya cewa ashe Liman da kansa yana taɓawa a ɓoye, yanzu da hankali ya gushe hannu ya tona asiri.

Da farko abin ma dariya ya ba ni. Wata mata daga ƙauyen da ke gaba da mu ta yi sallama, ta durƙusa a gabansa, ta sassauta murya: "Malam, akuyata ce ta ɓata, ja mai farin goshi. A taimaka a duba mini." Mahaifiyata ta ji ta daga soro, ta fito da muciya a hannu. Matar nan ta fita ba ta tsaya neman takalminta ɗaya ba.

Amma dariyar ba ta daɗe ba. Masu gaisuwa suka fara raguwa. Waɗanda a da ke cire takalmi tun daga gindin darbejiyar da ke gaban zauren, sai su wuce ƙofar gidan suna kallon wani wajen. Abin da ya fi ci mana rai, wasu dattawa suka fara tambaya a tsakaninsu, shin sallolin da suka bi shi shekara da shekaru suna nan, ko sai sun rama? Wannan ta kai kunnen mahaifiyata, ta daina fita ko barka.

Baffana, ƙanin mahaifinmu, ya tara mu. Ya ce, "Ni ban ce Yaya yana yi ba, ban ce ba ya yi ba. Amma mutuncin gidan nan na zubewa muna kallo. A rufe rairayin nan."

Ni kuma malamin makaranta, sai na gyara zama na kawo nawa ilimin. Na ce ai rawar jijiya ce kawai, hannun ne ke motsi da kansa, babu wata ma'ana a ciki. Har da ɗan Turancina na haɗa don maganar ta yi nauyi. A ganina kare shi nake yi. Ban lura ba cewa su sun ce boka ne, ni kuma na ce ba kowa a cikin jikin.

Aka shimfiɗe zauren da tabarmi, bango zuwa bango. Daga ranar mahaifina ya juya wa abinci baya. A kawo kunu ya datse haƙora. Yatsan nan kuwa bai fasa ba, yana ta ƙwaƙular tabarmar kaba har kansa ya saɓule ya fara jini. Hawaye na bin gefen idonsa yana shiga kunne. Mahaifiyata ta ce da ni, "Na zauna da mutumin nan tun kafin a san za a haife ku. Wallahi ban taɓa ganin ya yi duba ba. Amma ka gaya mini, me yake nema a ƙasa?"

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na hau babur na tafi gida. Na tarar da shi ya rame, yatsan an naɗe da tsumma, shi kuwa yana ta dukan tabarma da shi. Zuciyata ta kasa ɗauka. Na leƙa waje ba kowa, sai na naɗe gefen tabarmar, rairayi ya bayyana daidai hannunsa. Na ɗauko Alƙur'ani bugun inji daga taga, na zauna na buɗe surar da aka saba karantawa ranar Juma'a, da nufin ko zai ji ya samu natsuwa.

Ina karatu, ta gefen ido ina ganin hannun. Na kai ƙarshen aya na tsaya, yatsa ya sauka sau uku. Na ci gaba, hannun ya tsaya cik. Na sake kai ƙarshen aya, ya sake sauka. Na ce a raina dacewa ce. Da na rufe aya ta goma, sai na ga bai ɗiga ba, ya zagaya yatsan ya yi da'ira, karkatacciya, amma da'ira ce. A Alƙur'anin da yake rubutawa da hannu, duk bayan aya goma akwai wata da'ira da yake ƙawatawa da jar tawada da rawaya, kuri ake ce mata. Tun ina ƙarami nake ganinta tana bushewa a kan takardunsa.

Na ci gaba da karatu. Can na shiga wata doguwar aya, ni kuma ba gwanin jan numfashi ba ne, sai iska ta ƙare mini a tsakiya na tsaya. Na dubi hannun. Yatsan yana sama, a tsaye, bai sauka ba. Jirana yake yi. Na ɗago kai muka haɗa ido, sai ga kallon nan da yake yi mini ina yaro in na yi tuntuɓe a allo, kallon "ƙarasa mana". Na ja numfashi na ƙarasa ayar. Yatsa ya sauka: biyu a ƙasa, ɗaya a sama.

Jama'a! Duwatsun murhu! Mutumin da muka yanke wa hukuncin ya tafi, ashe yana nan ɗungurungum, da haddarsa ko wasali bai zube ba. Baki ya ƙi, hannun rubutu ya ƙi, baƙaƙe sun fi ƙarfin hannun hagu, sai ya riƙe abu ɗaya da ya rage zai iya rubutawa. Duk wunin da yake yi yana dangwala ƙasa, tilawa yake yi a zuci, yana sauke kowace aya a mazauninta. Mu kuwa duk mun san wannan alama, mun tashi muna ganinta, amma da aka cire mata kalmomi aka bar ta ita kaɗai a rairayi, sai muka ga abin da aka ce mu gani.

Na ƙwala wa mahaifiyata kira. Ta zo hannunta duk gari, na ce, "Inna, tsaya nan ki kalli hannun Baba." Na karanta mata kaɗan. Ba ta bari na yi nisa ba ta zube a ƙasa ta dafe kai.

"Innalillahi! Ashe karatu yake yi. Karatu yake yi muka rufe masa da tabarma." Ta matsa ta kama hannun nan mai tsumma. "Malam, ka yafe mana." Ranar ya sha kunu har ya nemi ƙari da ido.

Bayan La'asar na je na ɗauko baffana da na'ibin da ke jan salla tun da Baba ya kwanta, da dattawan da suka fi kowa tambayar makomar sallolinsu. Ban yi musu dogon bayani ba. Na roƙi na'ibi ya karanta duk inda ya ga dama, da ka. Ya zaɓi wuri can tsakiya ya kama. Yatsa na bin sa aya bayan aya. Ko ruɗewa ce ta kama na'ibi, ko gwaji ya yi, har yau bai faɗa ba, sai ya tsallake aya guda. Mahaifina ya buɗe tafi ya daki ƙasa, rairayi ya yi tsalle. Na'ibi ya tsaya, ya koma baya, ya laluba ya kamo ayar da ya bari. Sannan yatsa ya sauka.

Na'ibi ya cire hula ya share fuska da ita, ya ce, "Allahu Akbar. Liman ya kama ni." Wani daga cikin dattawan ya rarrafa ya dafa ƙafar mahaifina. Baffana kuwa ya miƙe ya hau naɗe tabarmi da hannunsa. Washegari da sassafe aka gan shi da baro yana turo sabon rairayi mai laushi daga rafi.

Daga nan zauren ya koma cika fiye da da. Mahaddata daga ƙauyukan kewaye suka riƙa zuwa su kawo tilawarsu gaban mutumin da ba ya magana, suna karatu suna satar kallon yatsa. Har mai akuya ta dawo ba da haƙuri. Akuyar ma ashe tana bayan rumbun maƙwabcinta tana cin harawa. Mahaifiyata ta miƙa mata takalminta.

Da damina ta zagayo, gero ya fara fitar da kai, Allah ya karɓi abinsa wata safiya da hantsi, a kan buzun nan. Mahaifiyata ta kifa ƙwarya a kan rairayin da ke gefensa ta hana kowa taka wurin. Sai da aka dawo daga maƙabarta mutane suka ragu, ta kira ni ta ɗaga ƙwaryar. Layi ne bai kai rabi ba. A ƙarshensa ɗigo biyu ne a ƙasa, babu na sama.

Na fashe da kuka na ce, "Inna, bai ƙarasa ba."

Ta ce, "Ya ƙarasa. Ai ba ya fara ɗigo sai ya kai ƙarshen aya. Alamar ce kawai ta rage." Ta kama yatsana ta kai shi wurin. "Kai ne malamin aya. Rufe masa."

Na ɗiga na ukun.

Har yau in na tuna yatsan nan a tsaye a sama yana jirana, sai in ji na ƙanƙance. Ban san iya abin da Allah ke ajiyewa a cikin ƙirjin bawa ba, kuma na daina saurin cewa babu kowa a inda na ji shiru. Ina nan ina koyarwa, ɗalibai na nan suna kirana Malam Waƙafi, jan biron ma bai daina ƙarewa ba. Sai dai duk ranar da na zo darasin alamomin rubutu, na juya na ɗiga aya guda a allo, nakan ɗan jima ban juyo ba, don hannuna yana neman ya ƙara biyu.