Kawu a Gindin Tarago

Asubar Litinin muka bar Zogbeli, unguwarmu a Tamale, liman yana sallame salla muna saɓa kaya, ni da Kawu, wan mahaifiyata. Tun da na dawo, duk wanda ya leƙo shago sai ya tambaye ni me ya same mu a Kumasi, har bakina ya gaji. Shi ya sa na ce bari in faɗa sau ɗaya daga farko, kowa ya ji in huta.

Kayanmu dila huɗu ne na batakari, rigar saƙin nan tamu. Tun da manyan ƙasa suka sa ta ranar 'yancin kai, mutanen Kudu da a da suke kiranta rigar masu gadi suka dawo suna nemanta ido rufe. Aka ce mana a Takoradi ko tayi ba sa yi. Kawu ne masaƙin, ni kuma mai baki ne da ɗan Turancin da bai wuce na karanta rasit ba. Kawu ya haura saba'in, ya yi fataucin goro da jakuna tun ba a haife ni ba, amma bai taɓa ganin jirgin ƙasa ba. A ina zai gan shi? Layin dogo ya zo Kumasi ya tsaya cak, mu na Arewa sai dai mu ji labari.

A tasha aka loda dilolin a bayan babbar mota, bisa buhunan gyaɗa. Na biya mana kujerar gaba kusa da direba saboda girmansa. Ina! Kawu ya tattare riga ya haye can sama, ya zauna daram a kan kayansa. Na ce, "Kawu, hadari fa ya haɗo." Ya ce, "To ya fara jiƙa ni kafin ya kai ga kayan." Haka suka saba tun zamanin ayari, inda kayanka yake nan kake, a kansa kake cin abinci, a gefensa kake salla. Na san da wannan sarai, kuma laifina ne da na ɗauke shi abin dariya.

Hanyar Salaga kuwa sai wanda ya bi ta. Damina ta cinye ta, ka fita wannan rami ka faɗa wancan, sau biyu muna sauka muna tura mota. Fasinjojin baya kusan duk majiya ƙarfi ne, 'yan ƙabilun Farafara da Dagarti da Dagomba, kowa da ɗan ƙunshinsa da addarsa, za su Kudu aikin gonar koko ko haƙar zinariya. Ƙauyukan da muka ratsa kuwa tsofaffi da mata ne a ƙofar gida. A Yeji muka yi rabin yini muna jiran jirgin fito, kogi ya cika ya batse. Mata na sayar da banda, manyan kifi uku sisi, wanda a Tamale sai ka ajiye sule. Na ci har na fara jin kunyar mai sayarwar. Kawu bai sauko ba, sai miƙa masa nasa na yi a sama. Muka ƙetare, muka kwana a Atebubu.

Washegari daji ya canja, itatuwa suka yi tsawo, ga agade ga rogo ko'ina. Can sai motar ta daina jijjiga, ashe mun hau kwalta. Wallahi maimakon daɗi haushi na ji. Gidajen kwano, famfo a bakin hanya, kusan kowane ƙauye da makarantarsa, yara da allunan boko a hannu. Ƙasa ɗaya fa, tuta ɗaya muka ɗaga tare! A gangaren Mampong direba ya saki mota, mata suna salati, ni ma na taya su ba tare da na shirya ba. Da la'asar muka shiga Kumasi.

A zongo muka sauka, gidan wani tsohon abokin fataucin Kawu. Garin nan akwai tsada. Tuwon zafin da a gida ake tura wa baƙo kyauta, nan sai ka ba da taro a zuba maka ɗan abin da bai kai loma biyar ba. Mai masaukinmu ya ja mana kunne, ya ce kwanan nan ana ta fasa taragun jirgin kaya, a kwashe sukari da madara da atamfa, 'yan sanda sun fusata, duk ɗan Arewan da suka gani a gefen dogo sai su yi awon gaba da shi. Na ce mu da takarda za mu shiga, me ya dame mu.

Ranar Laraba da hantsi muka kai dilolin siton tashar jirgin ƙasa. A nan Kawu ya fara ganin jirgi, ya daɗe yana kallon kan jirgin yana huci yana fitar da hayaƙi, shi kuma yana jan tasbihi. Akawu ya auna kayan, ya rubuta, ya miƙo mini takarda. Leburori suka sa su a tarago, aka ja ƙofa, aka ɗaure da waya aka danne da dalma. Akawun ya ce kaya zai bi jirgin kaya, mu kuma mu hau na fasinja gobe, mu karɓa a Takoradi. Na fassara wa Kawu. Ya dubi takardar, ya dube ni.

"Saƙar wata bakwai ka ba su, suka ba ka wannan?"

Na ce, "Haka ake yi a nan, Kawu." Ya yi shiru. Ni kuma wawa na ɗauka ya yarda.

Bayan azahar na shiga babbar kasuwa in saya wa mai ɗakina tukunyar da ta daɗe tana yi mini mita a kai. Da na koma masauki babu Kawu, babu buzunsa, babu butarsa. Na ajiye tukunya na ruga tasha. Wata mai gasa agade a bakin shinge ce ta ba ni labari. Ta ce wani tsoho mai farar riga ya bi ta inda shingen ya ɓalle, ya yi ta bin taragu ɗaya bayan ɗaya har ya gane nasa, ya shimfiɗa buzu a inuwarsa ya zauna. Ashe an riga an fasa taragon da ke manne da namu. Sai ga motar 'yan sanda, suka kwashe kowa, leburori da 'yan dako da tsohon, wanda suka samu da wuƙa a ɗamara. Wuƙar yanke zare ce, wadda ba masaƙin da ke rabuwa da ita.

A caji ofis na tarar da saja a kan kanta, shi ma ɗan Arewa, da Hausa yake daka wa mutane tsawa. Kun san halina. Na buɗe baki na yi ta zuba, har ya ce in ƙara kalma ɗaya ya haɗa ni da su. Sufeton kuwa ɗan Kudu ne, matashi, ba mugu ba ne, ka gan shi ka san daga sama aka matso shi. Ya karanta takardata, ya ce ta nuna kayan namu ne, amma ba ta ba kowa izinin shiga filin taragu ba. An sami mutum da wuƙa kusa da taragon da aka yanke wa waya, ran Juma'a zai gurfana a kotu, kuma alƙali ba ya wasa da ɓarayin jirgi. Na ce, "Ranka ya daɗe, gadin kayansa yake yi!" Ya ce kowa haka yake faɗa.

Ta tsakanin ƙarafan bayan kanta na hango shi. Sun cire masa hula, yana tsugune a lungu cikin mutum kusan ashirin, duk namu ne na Arewa. Mutumin da a Zogbeli in ya doso ake tashi a ba shi tabarma. Bai ɗago ya dube ni ba. Na fita waje na yi kuka, ban ɓoye ba.

Alhamis muka wuni yawo ni da mai masauki. Sarkin zongo ya yi tafiya, wakilinsa ya ce a yi haƙuri har ya dawo. Na kai abinci safe da yamma, Kawu ko kallonsa bai yi ba. Da yamman ne ya matso jikin ƙarfe ya ce da ni a hankali, "In aka kira ni ɓarawo a gaban alƙali, kada ka mai da ni Tamale. Ko gawata ce ka bar ta a nan." Na san Kawu ba ya magana don a lallashe shi. Kusa da shi akwai wani ƙaton ɗan dako, zai yi shekara talatin da biyar, kafaɗunsa duk kanta saboda ɗaukar kaya. Na lura shi ya bar wa Kawu wurinsa kusa da taga.

Da safiyar Juma'a saja ya ce ba a sami komai a hannun 'yan dako ba, za a sake su, tsoho kaɗai za a kai kotu. Aka buɗe ƙofa suna fita ɗaya-ɗaya. Ƙaton nan ya zo bakin ƙofa, ƙafarsa ɗaya a waje, sai ya tsaya.

"Saja, tsohon nan bai san komai ba. Ni na yanke wayar. Katon biyu na madara, suna cikin kwalbatin bayan sito."

Saja ya zaro ido. "Kai, ka san abin da kake faɗa kuwa? Ga hanya a gabanka."

Ya ce, "Na sani." Ya juya da ƙafarsa ya koma ciki.

Aka tura ɗan sanda, ya dawo da katon biyun. Kafin a kira sallar Juma'a an miƙa wa Kawu hularsa da wuƙarsa, sufeto ya ce in gaya masa jirgi ba jaki ba ne, ba a zama a gindinsa. Ban fassara ba.

Kawu ya ƙi fita sai ya yi magana da mutumin, saja ya kau da kai ya bar su. Da Dagbanci suka yi, ashe ɗan Nyanshegu ne, can wajenmu a Tamale, shekararsa tara a Kumasi. Ya ce, "Baba, ban ce daidai na yi ba. Kullum ni ke loda sukari da madara a kaina, ladan wuni ba ya sayen gwangwani biyu, ga ɗaki ga ciki. Na fara da ɗaya, hannu ya saba." Kawu ya ce to me ya sa ya tona kansa. Ya ce, "Kwana biyu ina kallon ka kana taimama da bango kana hawaye. Ubana ma masaƙi ne." Ya kwatanta mana gidansu, kusa da rijiya gindin wata tsamiya, ya ce mu gai da tsohuwarsa. Ta san yana aikin jirgi, ya roƙe mu kada mu ƙara mata komai a kai.

Ni ban wanke shi ba. Sata sata ce, kuma da dilolina ya kwashe da na tsine masa har bakina ya bushe. Amma ƙafarsa tana waje, na gani da idona.

Sauran tafiyar ba ta da tsawo. Muka hau jirgin fasinja, Kawu a bakin taga yana kallon waje har Takoradi. Kayanmu na nan cif, dalmar ma ba a taɓa ba. Kwana uku muka sayar tas. Na ga teku, na ga jiragen ruwa ana ɗura musu koko da katako, masu ɗurawar kuwa in ka yi musu Hausa sai su amsa. Na ci kenke, tuwon masararsu, da soyayyen kifi, barkonon ya sa ni hawaye. Da muka biyo ta Kumasi muka leƙa wurin saja, ya ce an yanke wa mutumin shekara biyu. Kawu ya shiga kasuwa ya sayi turmin atamfa da sabulu da kuɗinsa, ban tambaye shi na wa ba.

Mun iso Tamale ran Asabar da yamma. Da gari ya waye, kafin Kawu ya karɓi masu sannu da zuwa, ya ce in raka shi Nyanshegu. Muka sami tsohuwar a tsakar gida tana tankaɗe, 'yar ƙarama, ido ɗaya ya yi yana. Kawu ya ajiye atamfar da sabulun, ya ce daga wajen ɗanta muke, yana gaishe ta. Ta rungume atamfar tana sa albarka. Ta tambaya ko yana lafiya, ko ya rame. Kawu ya ce, "Lafiyarsa ƙalau. Kin haifi ɗa. Na shiga wani hali a can, shi ya fid da ni." Ta yi dariya har da tafi, ta kira maƙwabta su zo su ji. Sannan ta juyo ta ce, "To tun da aikin jirgi yake yi, yaushe jirgin zai iso Tamale ya kawo mini shi?" Kawu ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya sa muna raye."

Abin da na koya ke nan, ku masu tambaya. In za ku kai tsoho Kudu, ku zauna ku yi masa bayani har ya gamsu, kada ku ɗauki shirunsa yarda. Kuma na daina saurin zagin 'yan uwanmu da ake kamawa a bakin dogo, don na ga abin da ya kore su daga gida da abin da suka tarar a can. Kawu bai koma kan masaƙa da ƙarfinsa na da ba. Amma kowace Juma'a in an sauko masallaci zai ɗauki tiyar dawa ya nufi Nyanshegu, kuma duk zuwa sai tsohuwar ta tambaye shi ko an aiko da wasiƙa.