Mai Tabarau Biyu

A ƙofar ɗakin likitan ido wani bawan Allah yake tsaye, ya ƙi zama. Rigar aikinsa duk huji, kamar gara ta ci. Na ce, "Ɗana, lafiya?"

"Inna, a rijiyar mai muke aiki. Asid muke durawa ya ci dutse, mai ya samu hanya. Yau tiyo ya fashe a fuskar ƙanena."

Innalillahi! Abin da ke cin dutse, ina ga ido?

Tabarau biyu na kare ido ne a hannunsa, ɗaya tsagagge. Lafiyayyen yake ta juyawa, bakinsa na motsi. Zuciyata ta ba ni nasa ne ya tsage, ya ari na ƙanen, ya bar shi ba kariya.

Likita na leƙowa, ya yi wuf ya tusa lafiyayyen a aljihu.